Shekarar da Nababa Ya Sauke Tumbi

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Ɗanbatta ta ɓangaren 'yan hatsi ya san Nababa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan da ke zaune a kan buhu tun hantsi har la'asar, buhun yana nishi a ƙarƙashinsa. Dillalin hatsi ne, ɗan Kukar Dabo, wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Makoda, inda gonaki suka matsu da juna har in ka yi atishawa a taka ka gode wa Allah, maƙwabcinka ne zai amsa maka daga tasa.

Ba da ƙiba aka haife shi ba. Tsofaffi sun ce yana saurayi siriri ne kamar karan dawa, kuma a wajen gayya ba a cika shan gabansa ba. Dillanci ne ya ɓata shi. Sana'a ce ta baki da zama: a kawo buhu, ka zura hannu ka ɗebo, ka ciji ƙwaya, ka yi ciniki, a ce Allah ya sa albarka. Tsakanin ciniki da ciniki kuwa mai ƙosai za ta wuce, mai fura ta wuce, mai tsire ya gifta da tire yana kaɗa wuƙa. Nababa kuma Allah ya yi shi da kunya, ba ya iya ganin talla ta wuce shi bai ce a tsaya ba. In kasuwa ta tashi, babur ne zai kai shi har ƙofar gida, a can kuma Kaltume matarsa ta tuƙa tuwon dawa, man shanu yana kwance a kan miya yana jiransa. A haka wuya ya ɓace, mazagin wando ya yi ta neman ƙari, tela ya fara ƙorafi.

Kada ka ce abin ya dame shi. Ina! A Kukar Dabo tumbi ba ciwo ba ne, shaida ce. Ko filin jirgi bai taɓa gani ba, amma Alhaji ake ce masa, shi kuma yana amsawa. Kaltume in ta je biki sai mata su yi ta ce mata hannunta da albarka, ita kuma ta sunkuyar da kai tana jin daɗi. Gonar da mahaifinsu ya bar musu, shi da ƙanensa Badaru, 'yan ƙwadago ke noma ta. Shi dai yakan je ya tsaya a inuwar gawo ya yi nuni da sanda.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda ba sai an ba ka labarinsu ba. Man fetur ya yi tashin gwauron zabi, takin zamani ya bi shi, kwanon gero ya zama abin da ake tambayar kuɗinsa da a'uzubillahi. Manyan masu saye suka daina jiran dillali, suka riƙa shiga ƙauyuka da motocinsu. Nababa ya wayi gari yana zaune a kan buhu, ba mai neman bakinsa. Da damina ta zo, 'yan ƙwadago suka faɗi kuɗinsu, ya ji kamar an mare shi. Ya noma abin da aljihu ya iya, sauran gonar harƙiya ta cinye.

Bayan kaka Badaru ya zo daga Kano, inda yake tuƙa a-daidaita-sahu, shi ma rayuwa ta shaƙe masa wuya. Ya zagaya gonar ya dawo fuska a murtuke. Bai yi rashin kunya ba, ya tsuguna ya ce:

"Yaya, gonar da ba mai noma ta ciyawa muke yi wa ajiya. In damina mai zuwa ta zama kamar wannan, a raba, in sayar da rabona."

To ka ji inda gizo ke saƙa. Gonar ba wata babba ba ce. In aka tsaga ta biyu, abin da zai rage ko akuya ba zai riƙe ba, kuma a wannan yanki wanda ya saki ƙasa ya sake ta ke nan har abada. Nababa ya ji zuciyarsa ta yi zafi. Ya bugi ƙirji ya ce shi da hannunsa zai noma ta, daga wannan iyaka zuwa waccan. Badaru ya dubi tumbin, ya dubi ƙasa, ya ce Allah ya ba da iko.

Washegari Nababa ya ce bari ya tuna wa jikinsa da. Ya ɗauki fartanya ya tafi sharar gona. Ya sunkuya, tumbi ya ce ba a nan ba. Ya sake sunkuyawa da ƙarfin tsiya, sai ya ga gawo ya zama biyu, ƙasa ta taso ta same shi. A amalanken shanu aka kai shi ɗakin shan magani, shanun ma suna waiwaye.

Malamin asibitin wani matashi ne, Sama'ilu, mai yawan fara'a da kallon waya. Ya ɗaura masa abin awon jini a dantse, ya duba, ya daina fara'ar. Ya gaya masa jininsa ya hau, ciwon suga kuma yana leƙe ta kan katanga, in ya ci gaba a haka ba gona ba, ko masallaci sai an riƙe shi. Ya ba shi magani, sannan ya ce maganin gaske yana cikin kwanonsa. Tuwo malmala ɗaya, kamar dunƙulen hannunsa. Miya ta fi tuwo yawa. Zogale da kabewa da kuɓewa ya ci ya ƙoshi, wake kullum, ƙwai ko busasshen kifi in an samu. Ban da lemon kwalba, ban da sukari a koko, ƙosai da tsire kuma su yi sallama na ɗan lokaci. Ya ja masa kunne cewa rage ci ba ƙin ci ba ne, kada ya zauna da yunwa.

Nababa ya tambaya ko sai ya je birni ya ɗaga ƙarfe irin na samarin da ke kumbura ƙirji. Sama'ilu ya yi dariya.

"Baba, ƙirji za ka nuna wa gona? Abin da kake so jikinka ya yi, shi za ka koya masa. Noma sunkuyo ne da ɗauka da tafiya. To ka sunkuya, ka ɗauka, ka yi tafiya, kaɗan-kaɗan."

Kai, jama'a, ranar farko ba a magana. Tsugunne da tashi aka ce ya yi a tsakar gida yana riƙe da turmi. Ya tsuguna lafiya lau, tashin ne ya gagara, sai da Kaltume ta ajiye muciya ta zo ta ja shi tana salati. Kaji suka watse. Amma Nababa in ya ƙulla abu ya ƙulla. Ya jingine babur ya rufe shi da tsohon bargo. Ya sallami mai garuwa, ya riƙa jan guga da kansa yana ɗauko jarka, da farko rabi, daga baya cike, daga baya ɗaya a kowane hannu. Ranar kasuwa ya tafi Ɗanbatta a ƙasa, ya isa ana shirin tashi. Da bazara ta kama, lokacin kai taki gona, kowa ya ɗora wa jakinsa mangala, shi kuwa ya zuba a buhu ya ɗora a ka.

Abincin ne ya fi ba shi wuya. In aka ajiye masa 'yar malmalar nan sai ya zauna yana kallonta kamar an yi masa rasuwa. Mai tsire in ya gifta, Nababa yakan juya baya ya kama tasbihi. Kaltume kuwa ranta a ɓace yake, don ta san abin da mata za su ce. Duk da haka ta dage, ta koyi kwaɗon zogale kala-kala, har ya fara cewa a ƙara masa.

Sannu ba ta hana zuwa. Wata safiya ya ɗaura wando ya ga mazagi ya yi saura. Wata rana ya sunkuya ya ga yatsun ƙafarsa, ya tsaya ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, don an daɗe ba a haɗu ba. Numfashi ya daina yi masa gardama. Ya fara waƙa a hanyar rijiya, mutumin da rabonsa da waƙa tun yana saurayi. Daɗi ya ishe shi, har bai lura da irin kallon da ake yi masa ba.

To kai ka sa kanka a matsayin mutanen Kukar Dabo. Shekara ta yi tsanani, kowa yana ɓoye tasa. Ga Alhaji Nababa ya ajiye babur. Ya sallami mai garuwa. Yana ɗaukar taki a ka, ko aron jaki ba ya yi. Wajen ciyayya kuma, inda magidanta ke fito da kwanukansu bayan magariba a ci tare, mutumin da a da akushinsa sai an kama masa, yanzu ya zo da ɗan kwano, rabinsa ganye. Ga riga tana yawo a jikinsa. Ruwa ba ya tsami banza.

Ya yi musu bayani, wallahi ya yi. Ya ce likita ne ya sa shi. Suka gyaɗa kai, suka ce Allah ya ba da lafiya, suka dubi juna ta gefen ido. Wa zai fito ya ce rumbunsa ya ƙare? Ai "likita ya hana ni" ita ce rigar da mai mutunci ke sawa in abin ya zo. Malam Basiru, maƙwabcinsa na gona, har sai da ya share ƙwalla da hannun riga, ya ce wannan bawan Allah akwai ƙarfin hali.

Washegari aka fara aiko da kwanuka. Gidan Malam Basiru dambu. Gidan Liman tuwo da miyar kuka, an tsiyaya ɗan man da ya rage. Wani gidan ɗanwake, wani gidan waina. Ba mai cewa komai, sai dai a ce ga ɗan taɓawa. Inna Furera kuwa, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen gari, ƙawar marigayiya mahaifiyarsa, kullum sai ta aiko da fura mai laushi a 'yar ƙwarya. Kaltume ta ce ba a mayar da kwano wayam, ta riƙa zuba musu gero a ciki. Wannan ya ƙara rura wutar. Mata suka ce dubi baiwar Allah, na ƙarshen take kwashewa don ta rufa wa mijinta asiri, suka ƙara girman kwano.

Yanzu fa Nababa ya shiga uku. Abincin da aka aiko ba a mayar da shi, cin fuska ne. Zubarwa kuwa a irin wannan shekara saɓon Allah ne. 'Ya'yansu mata duk suna gidajen aurensu, gidan daga shi sai Kaltume. Ya zauna a gaban kwanukan ya ce to, tunda ba yadda za a yi. Ni dai ban ga alamar an tilasta masa ba lokacin da yake sharce man da ke kan wainar nan. Kafin ruwan shuka ya sauka mazagi ya fara komawa gidan jiya.

Sama'ilu ya gan shi, ya dafa ƙugu. Da ya ji labarin sai da ya zauna a ƙasa don dariya, sannan ya ce ba wata dabara sai ya bi gida-gida ya ba da haƙuri a daina. Lokacin an yi shuka, gero ya fito, noman farko yana ƙofa. Nababa ya ce bari ya fara da Inna Furera, tunda ita uwa ce, in ta yi faɗa ma ya saba.

Ya yi sallama ya shiga da hantsi. Ya same ta zaune a bakin ɗaki, ta yi wuf ta tura wani kwano ƙarƙashin zanenta, amma ya riga ya gani. Tafasa ce, an dafa da gishiri, ko ƙuli babu. Ya dubi murhu, kaza ce kwance a cikin tokar. Ya dubi ɗan rumbunta, an ɗage hular, ba komai sai rana a ciki. A gefe ga 'yar ƙwaryar furarsa an rufe da faifai, tana jiran a kai masa. Ashe ɗan geron da take samu in ta yi wa mutane surfe, shi take dakawa ta aika masa. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance, sai dai shi ɗan lafiyarsa ƙalau, har da gyatsa.

Ta hau shi da faɗa, wai wa ya koya masa shigo wa mutane yana zare ido. Ya fita ya zagaya bayan danga, ya tsuguna ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar uwarsa. Kunya ta kama shi, ta gaske.

A nan tsugunne ya yi tunanin abin da bai taɓa yi ba. Rumbunsa ba cike yake ba, amma tun da ya rage ci hatsin ya ƙi tafiya. Abin da tumbin nan ke lashewa a da, wallahi ya ishi wani gidan. Washegari bayan asuba, lokacin da ya saba fita da buhu a ka, ya zuba gero a madadin taki, ya bi ta bayan gari, ya tura ta wata ɓaraka a dangar tsohuwar. Ta kama shi. Aka yi ta, ta ce ya ɗauke, ya ce ba ya ɗaukewa. Ta ce ita ba almajira ba ce, ya ce shi ma ai ba almajiri ba ne da ta yi ta aika masa fura. A ƙarshe ta karɓa, amma da sharaɗi.

"In wani ya ji wannan magana daga bakinka, ban yafe ba."

Ya ce ya ji.

Sauran kwanukan kuma Kaltume ta samo musu hanya. Na gidan Liman ta juye ta aika gidan Malam Basiru, na gidan Malam Basiru ta aika gaba. Abinci ya riƙa zagaya gari kamar amarya. An ce wata rana matar Malam Basiru ta karɓi dambu daga hannu na uku, ta ci, ta ce wadda ta yi wannan ba ta iya turara dambu ba, alhali nata ne.

Nababa ya koma kan malmalarsa ɗaya da ganyensa, har da tafasa, wadda yanzu yake ci da wani irin ladabi. Ya shiga noman farko. Ba zan yi maka ƙarya ba, ya sha wuya. Hannu ya yi kanta, baya ya yi ƙara, wata rana da rarrafe ya shiga ɗaki. Amma ya sunkuya ya tashi, ya sunkuya ya tashi, kunya bayan kunya, har ya kai waccan iyakar. Ya juyo ya dubi gonar tas, gero yana kaɗa kai, ya cire hula ya jefa sama, ya yi wata 'yar rawa da ba ta dace da shekarunsa ba. Malam Basiru yana gani daga gonarsa, ya girgiza kai ya ce yunwa ta fara taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Magana kuwa ba ta biyan kuɗin mota. Direbobin da ke jigila zuwa Kano suka kai wa Badaru labari da gishirinsa: yayanka ya zama ƙashi da rai, tafasa yake ci, yana rawa shi kaɗai a gona. Ana cikin maimai, wato noma na biyu, wata rana da hantsi, sai ga Badaru a bakin gona, tare da wani Alhaji mai sayen filaye, wanda ke ɗaga babbar riga kada raɓa ta taɓa ta.

Nababa ya hango su, ya yi murna, ya ce yau zai fita kunya. Ya miƙe ya buɗe hannu yana nuna gonar. Badaru ko kallon gonar bai yi ba. Yayansa ya tsura wa ido, ya ga wuya ya fito, ya ga riga kamar ta aro, sai ya fashe da kuka.

"Yaya, cewa na yi ka noma gona, ban ce ka kashe kanka ba. Yau za a sayar da rabona, kuɗin kuma naka ne, ka ci abinci."

Tirƙashi. Abin da aka yi wahalar dominsa, shi tausayi zai tafi da shi. Kafin ka ce kwabo mutane sun ajiye fartanya sun taru, don a nan ba a yin magana a gona a ce sirri ce. Nababa ya rantse lafiyarsa ƙalau, bai taɓa jin daɗin jikinsa kamar bana ba. Ya tsuguna ya tashi, ya tsuguna ya tashi. Ya yi tsalle. Da ya ga ba a gamsu ba, sai ya sunkuya ya sungumi Badaru ya saɓa a kafaɗa kamar buhun maiwa, ya zagaya gawo da shi, Badaru yana wutsil-wutsil yana cewa a sauke shi, hularsa ta faɗi, Alhajin filaye ya ja da baya yana neman hanyar mota. Aka yi dariya har da riƙe ciki.

Amma da dariya ta lafa, Malam Basiru ya matso, ya dafa Badaru, ya ce kada wannan ya ruɗe shi, ƙarfin zuciya ne kawai. Ya ce su shaida ne, ganye mutumin nan yake ci, su ne ma suke ɗan rufa masa asiri. Wannan ya ce haka ne, wancan ya ce wallahi haka ne. Duk masoyansa ne, kuma duk suna haƙa masa rami da hannu bibbiyu. Nababa ya ce a kira Sama'ilu, aka ce ya tafi Ɗanbatta karɓo magani. Ya ce to su zo su leƙa rumbunsa su gani da idonsu. Liman ya ce subhanallahi, wa zai leƙa rumbun magidanci, ai ba a yi lalacewar da za a tozarta shi haka ba. Kowa ya ce ba da shi ba.

Alhajin filaye ya gyara murya ya tambaya daga ina rabon zai fara, ya soma takawa yana auna ƙasa da ƙafa, yana bi ta kan geron. Nababa ya tsaya yana kallo. Yana da magana ɗaya da za ta kashe wannan wuta, kuma an ɗaure masa baki a kanta. Ya haɗiye ta.

"Kai mai babbar riga, sauka daga kan geron mutane."

Inna Furera ce. Tana bakin iyaka tun ɗazu da 'yar ƙwaryarta tana tsinkar ganye, ba wanda ya kula da ita. Ta tako a hankali har tsakiyar maza, abin da ba ta taɓa yi ba. Nababa ya girgiza mata kai, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta dubi Badaru, wanda ta goya yana jariri.

"Mai jin yunwa ba ya ciyar da wani. Ni ce mai yunwar. Tun kafin azumi rumbuna ya ƙare, ban gaya wa kowa ba. Tun noman farko geron yaron nan nake ci, shi yake kawo min a kansa. Ga shi nan na faɗa, sai ku ji daɗi."

Tsohuwar nan ta binne miji, ta binne 'ya'ya, ba a taɓa jin ta ce wa wani ba ni ba. Malam Basiru ya sunkuyar da kai, don gidansa ne ya fi kusa da nata, kuma dambunsa wuce ƙofarta yake yi zuwa gidan Nababa. Liman ya kama gemu. Badaru ya juya, sai yanzu ya dubi gonar, tun daga wannan iyaka har waccan, ya daɗe yana kallo. Sannan ya je ya ba Alhaji haƙuri, ya ce a yafe masa wahalar da ya ba shi, babu ƙasar sayarwa a nan.

Inna Furera ba ta jira godiyar kowa ba. Ta ɗora ƙwaryarta a ka ta kama hanyar gari, bayanta a miƙe, ba ta kallon kowa. Nababa ya bar fartanya a nan ya bi ta, yana rage tafiyarsa daidai da tata. Sun yi nisa, sun wuce gonar Liman, sannan ta yi magana ba tare da ta waiwayo ba.

"Gobe kada ka ƙara lallaɓo min ta danga kamar ɓarawo. Tunda kowa ya ji, ka shigo ta ƙofa, ka yi sallama."